Tukunyar Kakata Ta Kai Ni Kaduna

Shekaranjiya na dawo Katsina daga Kaduna, kuma abin da ya kai ni tukunya ce guda ɗaya da muka tarar a ɗakin kakata bayan rasuwarta. Ta tangaran ce mai nauyi, ruwan ƙasa mai duhu da sheƙi, tana da murfi da kunnuwa biyu, an zana ƙadangaru suna bin juna a jikinta. Tun muna yara man shanu Hajiya take ajiyewa a ciki. A gindinta akwai ɗan hatimi da haruffan Larabci, shi ya sa mutanen gidanmu suka ce tsarabar Makka ce. Da na wanke ta na kai ta hasken rana sai na ga kamar "Abuja" aka rubuta, abin ya ɗaure mini kai, domin mahaifina ya tabbatar tana gidan tun kafin yaƙin basasa, alhali sai a 1976 aka yanke shawarar gina babban birnin tarayya. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne kakanmu ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Kaduna.

Na naɗe ta da zani na rungume ta a cinyata. Bayan mun wuce Zariya, a wani shingen bincike, wani jami'i ya sa na kwance ƙunshin, ya ɗaga murfin da yatsu biyu yana ƙwanƙwasa shi da makulli, yana tambayata cikin tsawa ko kayan tsafi ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ko sallama bai yi mana ba, kuma akwai dattawa a motar. A Katsina ko ɗan dako ba zai taɓa kayan mutum haka ba.

Daga tashar Kawo na hau keke-napep zuwa Tudun Wada wajen goggona, a kan kuɗin da zai kai ni Ƙofar Ƙaura daga gida sau uku. Washegari na fara da wani mai sayar da tsofaffin kaya. Ya dube ta a wulaƙance, ya ce kwanon miya ne na China, ya taya naira 5,000. Da na fara naɗewa ya ce 15,000, kafin na kai bakin titi ya biyo ni da 40,000. Nan na gane ya san abin da bai so na sani ba.

Goggo ce ta haɗa ni da wani dattijo mai ginin tangaran a bayan gari, kan hanyar Kachia. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo kunun zaƙi, bai taɓa tukunyar ba sai da ya wanke hannunsa. Ya kifa ta a cinyarsa, ya shafa gindinta da babban yatsa, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, karatunka daidai ne, Abuja ce, amma ta farko, wadda yanzu ake kira Suleja." Ya bayyana mini cewa a farkon shekarun 1950 gwamnati ta kawo wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a can, kuma hatiminsu sunan garin ne da ajami. A nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko da aka ɗauka, bayan Baturen ya ga tukwanenta a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Ya ce na ciro takardar naira 20, na juya bayanta, sai ga hotonta tana gini.

Ya ɗalli bakin tukunyar da farce, ta yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya ce tukwanenmu na gargajiya da ciyawa da kara ake gasa su a fili, shi ya sa randa take tsatsafo ta sanyaya ruwa, wannan kuwa an rufe ta a matoya da wutar da ta haura digiri 1,200, yumɓun ya koma kamar dutse, ba ya shan ruwa ko mai. Ya sa yatsana a cikinta na ji zoben layuka a jere, shaidar an ɗago ta a kan faifan juyi. Game da amfaninta, ya ce ta zuba miya ce a kan teburin Turawa, murfin da kaurin jikinta suna riƙe zafi, kunnuwan kuma na kuku ne ya ɗauko daga kicin. Sai na hango kakana riƙe da ita.

Na tambaye shi, "Baba, ko ginin Ladi ce?" Ya ce nata yana ɗauke da haruffan LK kusa da hatimin, tawa kuwa hatimi na biyun ya cushe da ruwan sheƙi, don haka ba zai ɗora mata sunan kowa ba. Wannan gaskiyar tasa ta burge ni. Da na miƙa masa ɗan abin goro ya ƙi karɓa, ya ce kawai kada na sayar.

Na biya gidan tarihi na kan titin Ali Akilu a gurguje, na sayi kilishi mai tsada da bai kai namu ba, na kama hanya. Jiya na nuna wa mahaifina hatimin tare da takardar naira 20, ya ce a mayar da man shanun cikinta.