Wace wutar kake nufi?

Muna aji biyu a jami'a aka ba mu asaimen a kwas ɗin nazarin adabi, wai kowa ya ɗauki alama ɗaya ya bi diddiginta a cikin labarai. Ni kuwa na ce ai wuta ta fi sauƙi, dare ɗaya na cika shafi huɗu: wuta fushi ce, wuta halaka ce, ja launin haɗari ne, shikenan na miƙa. Da takardar ta dawo sai na tarar malamin ya bi duk inda na rubuta "jar wuta" ya zagaye da biro, a gefe kuma tambaya ɗaya tal: wace wutar?

Haushi ya kama ni, na bi shi ofis na ce, "Ranka ya daɗe, ai wuta wuta ce." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kai malam, ka taɓa zama ka kalle ta kuwa? Je ka kunna kyandir, sannan ka dawo mu yi magana."

Wallahi da na kunna sai kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki, don babu ja ko ɗigo a harshen wutar nan. Can gindi shuɗi-shuɗi ne, kusa da lagwani akwai wani ɗan duhu kamar babu komai a wurin, sama ruwan ɗorawa ne mai haske, sai can tsinin ya ɗan koma ruwan goro. Jan da nake ta rubutawa sai da na hure wutar na gan shi, ɗan ƙaramin garwashi a kan lagwanin, yana mutuwa. Daga baya na karanta cewa wannan ruwan ɗorawar ƙananan ɓurɓushin gawayi ne da suka yi zafi har suke haske, shi ya sa wutar gas da ke samun iska sosai take fitowa shuɗiya. Maƙera ma da launi suke gane zafin ƙarfe, wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos yake fara yin ja mai duhu, kusa da 1000 ya koma ruwan goro, ya haura 1300 sai fari. Wato jan nan da muke ɗauka shi ne ƙarshen zafi, shi ne ma na ƙasa-ƙasa.

Nan fa karatuna ya juya. Idan marubuci ya ce wuta na ci bal-bal tana tartsatsi, abu ne a fili, kowa na gani, kuma irin wannan ba ta daɗewa. Amma idan ya ce garwashi jazur a ƙarƙashin toka, to wani abu ne aka binne bai mutu ba, ƙiyayya ce ko so ko nadama, iska kaɗan take jira. Ni da duk kuɗin goro nake yi musu.

Na koma littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, wanda na karanta tun sakandare ban lura da komai ba. Okonkwo, jarumin littafin, ana masa laƙabi da wuta mai ruri, to amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya zauna yana kallon itace na cinyewa yana tunanin ɗansa Nwoye, har ya yanke wa kansa cewa wuta toka take haifa. Shi a zatonsa ɗan yake zagi, bai san kansa ya siffanta ba, tunda wutar ce ta cinye itacen har ya zama tokar. A tatsuniyar Girkawa kuma wutar da Furomitiyos ya sato wa mutane ba fushi ba ce sam, ilimi ne da sana'a. Shi kuwa Dante, marubucin Italiya na ƙarni na 14, da ya zo siffanta can ƙasan gidan azaba inda maciya amana suke, ƙanƙara ya zuba, ya ajiye wutar a gefe. Gaskiya wannan ya burge ni, ko da yake wasu ɗalibai sukan wuce gona da iri, ko ashana aka ƙyasta a labari sai su ce alama ce, alhali mutumin duhu ne kawai ya dame shi.

Sati biyu na yi ina sake rubutun, kowace wuta sai na tambayi launinta, wa ya kunna ta, me take ci, me ta bari. Na kai masa ina jin kaina. Ya karanta ya gyaɗa kai ya ƙara min maki, sannan ya jawo biron nan ya zagaye "baƙin hayaƙi" a shafi na uku ya rubuta a gefe: wane hayaƙin?