Na bar asibitin, ga abin da ciwon dunduniya ya koya min

Tunda yanzu na ajiye aikin bari in faɗi abin da ke raina, waɗanda muka yi aiki tare a sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, sun san ogan da nake nufi.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Wunti ta zo da ciwon dunduniya, irin wanda takun farko da asuba kamar ka taka ƙusa, in ka ɗan zazzaga ya lafa, ka zauna ka miƙe ya dawo. Jijiyar nan ce mai kauri da ta tashi daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu ta gaji, ga tsayuwar wuni a silifas ga jiki. Na taɓa sharaɓarta na ji ta ɗaure tamau, sai na fara aikin hannu irin na ostiyofati, wato gyaran tsoka da gaɓoɓi da hannu, a sassauta sharaɓa da agara, a motsa gaɓar idon sawu, na ce ta dinga miƙe yatsu kafin ta sauko daga gado, ta murza gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafa, ta canza takalmi.

Oga ya shigo ya ɗaga hoton ƙafarta, wai ga tsiron ƙashi nan ƙarara ni kuma ina ta tausa kamar ungozoma, a gaban marasa lafiya fa ya faɗi haka. Alhali mutane da yawa suna da tsiron nan ba sa jin komai. Ya tura aka yi mata allurar sitiroyid mai kwantar da kumburi, ta ji daɗi na ɗan makonni, ciwo ya dawo, aka sake, kuma shi ma ya san yawaita ta na iya cinye kitsen dunduniya ko jijiyar ta tsinke. Allura dai ta fi tausa kawo kuɗi, iyakar abin da zan ce kenan.

Da ta dawo hannuna na gaya mata gaskiya, Hajiya ciwon nan watanni yake ɗauka, wani har shekara, hannuna taimako ne kawai, miƙewar da za ki yi a gida ita ce aikin. Ta warke, ta kawo turmin atamfa, ofishin oga aka kai.

Ƙannena masu shigowa wannan aikin, ku duba takalmin mutum kafin hotonsa. Mai ciwon suga ko mai jin ƙafa na dindiris kar ku ce wannan ciwon ne, a bincika. Kuma duk abin da kuka yi ku rubuta a fayil da sa hannunku da kwanan wata, musamman a wancan asibitin.