Dabbar teku a tsakiyar yashi

Kwana huɗu ke nan da dawowata ƙauyenmu na gefen Haɗeja, har yanzu yashin Fayyum ta ƙasar Masar bai gama fita daga takalmina ba. Ƙanena da ke karatu a Azhar na je dubawa, shi ya nace sai mun ga Wadil Hitan, wani kwari mai ƙasusuwan tsoffin dabbobin teku a yankin Fayyum, wajen kilomita 150 daga Alƙahira.

Direban da zai kai mu ya fara yanka mana kuɗin da zai sayi tunkiya a kasuwar Maigatari. Ƙanena ya ce, "Yaya, bar ni da shi." Suka yi ta ja da Larabci har ya sauko rabi. Mutumin nan kuma shi ya dafa mana shayi a hanya, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Mu a nan ba ma tsananta ciniki haka, amma karamcinsa ya burge ni.

Wurin jigawa ce irin tamu, sai dai babu ko tumfafiya. A kan yashin nan ƙasusuwa ke jere, gaɓar baya ɗaya ta kai turmi kauri. Sunan dabbar Basilosaurus, tsawonta na kai mita 18, masana sun ce ta rayu shekara wajen miliyan 40 da suka wuce, lokacin da teku ya rufe wurin. Ba kifi ba ce irin giwan ruwa, haihuwa take yi ta shayar da nono. Abin da ya tsayar da ni ƙafafunta na baya ne, 'yan ƙanana har da yatsu, a jikin wannan ƙatuwa. Na daɗe a tsugune ina kallonsu. Na miƙa hannu zan taɓa, mai gadi ya hana ni, kuma gaskiyarsa. Tun 2005 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, ba a ɗaukar ko tsakuwa.

Can na tuna da kwalekwalen Dufuna a Yobe, mai shekara wajen 8,000, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Masu haƙan rijiyarmu fa, ƙashi nawa suka tono suka watsar? Ya dame ni ƙwarai.

A dawowa mun tsaya ƙauyen Tunis da ke Fayyum, tukwanensu da kyau amma da tsada. Jiya da magariba na nuna wa Baba Sarkin Ruwa hotunan, ya ce in sake buɗo masa na ƙafar.