Likitan yaro sai ya san gidan yaro

Ƴan shekarun nan ina koyar da matasan likitoci masu ƙwarewa kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara a nan Yamai, kuma abin da ya fi ba ni aiki shi ne in sa su ɗaga ido daga kan yaron su dubi gidan da ya fito. Magani kam sun iya, amma da an kawo yaro mai rashin ji ko fitsarin kwance ko wanda ya ƙi lakkol sai ka ga hannu ya tafi ga biro za a rubuta kwaya.

Farko nakan sa su zana iyalin a takarda, dabarar da aka sani tun aikin Murray Bowen, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka. Mu nan takarda guda ba ta isa, ga kishiya ga ƴan uba ga kaka ga goggon da aka ba riƙo, ga uban yana ci-rani a Abijan ko Libiya. Salvador Minuchin, wani likitan da ya shahara kan aiki da iyali, yakan lura da inda kowa ya zauna a ɗaki, ni ma haka nake ce musu, ku duba wa ya hau kujera, wa ke amsa tambaya. Sau da yawa uwa ko sunan ɗan farinta ba ta faɗi don kunya, kaka ce ke magana, to in ka ba uwa shawara ka tsallake Hajiya wallahi a bakin ƙofar asibiti shawarar za ta tsaya.

Horar da iyaye kuma ba wa'azi ba ne, har littafin mhGAP, jagorar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta hukumar lafiya ta duniya (OMS), da ya fito 2010 ya sa shi cikin kula da yara masu matsalar ɗabi'a. Gwadawa muke, likita ɗaya ya zama uba ɗaya ya zama yaro, da Hausa ko Zabarmanci ba Faransanci ba: umarni guda gajere, a kalli yaron, a jira shi, in ya yi a yaba masa nan take, bulala a aje ta. Yabon nan ne ke da wuya. Wani uba ya ce min "Likita, in na yabe shi ai kansa zai kumbura", wata kuma baki take tsoro. Sai muka koma ga abin da suka saba, a faɗi aikin a sa albarka, "ka ɗebo ruwa ba a aike ka ba, Allah ya yi maka albarka". Wannan kam har kaka tana karɓa.

Rubutun malam ba mu faɗa da shi, tambaya kawai muke me ake ba yaron. Uban da ke nesa kuma a WhatsApp muke kiransa ya ji abin da aka shirya, don in ya dawo gida kada ya rushe shi.