Na gina ɗaki a cikin mota, sai da ta motsa na ga kuskurena

Ranar da na fara fita da motar, bayan wata 4 ina aiki a cikinta, ko tafiyar minti 20 ban yi ba wata mota ta tsaya ba zato a gabana, na taka birki da ƙarfi. Sai ƙara ta tashi daga baya kamar an kifar da kwandon kwanuka. Durowa uku suka zazzago, ta sama ta faɗo ta tsage, kabad ɗin da na kafa a jikin bango ya ɓalle har yatsu biyu suna shiga tsakaninsa da ƙarfen. Matata na zaune a gefena, ba ta ce uffan ba sai da na gangara gefen hanya. Sannan ta ce, "Maigida, da a ce da mutum a baya fa?" Tambayar nan ce ta sa na kwance kusan rabin abin da na gina.

Motar Toyota Hiace ce mai dogon jiki da rufi mai tsawo, irin ta ɗaukar kaya, babu kujeru a baya. Burina in saka mata gado, wurin girki, ruwa da wuta, mu riƙa doguwar tafiya muna kwana duk inda dare ya riske mu. Aikin katako kuwa na iya daidai gwargwado, don yayana kafinta ne, a hannunsa na koya. Sai dai duk abin da na koya na ɗaki ne, shi kuwa ɗaki ba ya shan kwana, ba ya faɗawa rami, ba ya taka birki.

Nauyi ne ya fara kama ni. Na yi komai da filawud mai kaurin milimita 18, saboda da shi na saba yin kabad. Falle ɗaya mai tsawon santimita 244 da faɗin 122 ya haura kilo 25, ni kuwa na zuba falle 9. Kowace mota tana da ɗan allo ko takarda a jikinta, galibi a bakin ƙofar gaba, da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, har da na ƙafafun gaba da na baya daban-daban. Ban taɓa tsayawa na karanta ba. Da na kai ta sikelin manyan motoci, da ruwa lita 80 a ciki, wato kilo 80 ke nan cur, da batir da mu biyu, sai na ga ƙafafun baya sun kusa cika iyakarsu alhali ko kayan sawa ba mu ɗora ba. Nan na gane abin da ya sa take rangaji a kwana, birki kuma yake jan nisa kafin ta tsaya.

Na kira Yaya ya zo ya duba. Ya ƙwanƙwasa kabad ɗin da bayan yatsa, ya ce, "Ƙanena, ƙarfin kabad ba a kaurin katako yake ba, a haɗi yake." Muka sake shi da siraran sanduna a matsayin ƙashi, muka lulluɓe da filawud mai milimita 6, sai inda za a zauna ko a taka muka sa mai 12. Ko'ina gam da sukuru tare. Kaya masu nauyi, ruwa da batir, na sauko da su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. A sama babu abin da ya rage sai bargo da tufafi.

Ɗaurin ma sai da na sake shi. Da farko sukuru kawai na murɗa cikin ƙarfen bango, ƙarfen kuwa siriri ne, girgizar hanya tana lasar ramin a hankali har sukurun ya saki. Akwai wani irin noti da ake cusawa cikin huda a matse shi har ya riƙe ƙarfen gam, shi na koma amfani da shi a jikin haƙarƙarin motar, wato ƙarafan da ke tokare bangonta ta ciki, tare da zobban ɗaure kaya da masana'anta suka riga suka kafa a daɓe. Idan aka yi karo a gudun kilomita 50 a awa, kabad mai kilo 20 yana fizgar abin da ya riƙe shi da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Kowace durowa yanzu tana da sakata mai kama kanta, mayen ƙarfe ba ya isa. Bayan mun gama na nemi fili babu kowa, na taka birki iya ƙarfina har sau uku, babu abin da ya gusa.

Huda ƙarfe ma da nasa ladabin. Kafin ka huda daɓe, shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashin motar ka ga inda tankin mai yake, da bututun birki da wayoyi. A bango kuma, tsakanin haƙarƙari da fatar waje wani wurin tazarar ba ta kai kaurin yatsa ba. Sau ɗaya bakin injin huda ya zarce mini, har yau akwai ɗan ƙullutu kamar ƙurji a gefen hagu na motar. Tun daga ranar nake zura guntun tiyo a bakin injin, iya zurfin da nake so kawai nake bari. Kowace huda a shafa mata fenti kafin a sa noti, a kuma share garin ƙarfen tas. Wanda na bari a lungu, cikin makonni ya zama ɗigo-ɗigon tsatsa.

Babu miƙaƙƙen bango a cikin mota, komai a lanƙwashe yake. Tef na awo ba ya fitar da kai, kwali ne ke fitar da kai: ka yanka shi, ka gwada, ka rage, har ya kwanta a jikin bango, sannan ka zana a kan katako.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ruwan da ke fita daga jikinmu. A daren sanyi na farko da muka kwana a ciki, mun rufe ko'ina ruf. Da asuba ɗigon ruwa mai sanyi ne ya tashe ni, ya faɗo mini a goshi daga wani ƙarfen rufi da ban lulluɓe ba. Gilasai duk sun yi gumi suna tsiyaya. Bayan kwana 10 matata ta ɗaga katifa za ta kakkaɓe, sai ga ƙasanta sharkaf, katakon gadon ya yi baƙin tabon fumfuna, ga wani wari mai nauyi. Numfashin mutum biyu da zufarsu a dare guda ba ƙaramin ruwa ba ne, kuma duk inda iska mai ɗumi ta taɓa ƙarfe mai sanyi, nan take ajiye ruwanta kamar raɓa. Murhun gas ma ƙari yake yi: kilo 1 na gas in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo 1 da rabi a cikin iska.

Maganin shi ne abin da na yi ta gudu tun farko, wato yanka rufin mota. Na sayi fankar rufi mai buƙatar rami santimita 40 a kowane gefe. Na yi awo ya fi a ƙirga, na manna tef kewaye don kada fenti ya karce, na huda kusurwa huɗu, na sa zarton lantarki. Gabana yana ta faɗuwa har lokacin da guntun ƙarfen ya saki, hasken rana ya zubo cikin motar. Na goge bakin, na yi masa fenti, na zauna da fankar a kan gam mai hana yoyo. Amma fanka ita kaɗai ba ta aiki in iska ba ta da mashiga, don haka taga ɗaya kullum a buɗe take kwana, faɗin yatsa biyu. Shimfiɗar gadon kuma na cire falle ɗayan, na jera sanduna da tazara don katifa ta sha iska ta ƙasa. Da na zo cusa abin tare zafi da sanyi a bango, na kiyaye ƙananan ramukan da ke can ƙasan ƙofofi da bangaye, don ta nan ruwa ke fita, toshe su gayyatar tsatsa ne.

A kan gas ba na sassauci ko kaɗan. Ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, shi ya sa tukunyar take cikin akwatinta a rufe, a ɗaure, da rami a ƙasan akwatin da ke fita waje. Wuta a rufaffen wuri kuma tana iya haifar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta wuce da shi. Na kafa na'ura mai ƙara in ta ji ta, kuma ba ma kunna murhu don jin ɗumi, komai tsananin sanyi.

Wutar batir mai bolt 12 tana da yaudara, tunda ba ta jan mutum sai a raina ta, alhali gobara take tayarwa. Abin da ke cin wat 120, a wutar gida mai bolt 230 kusan rabin amfiya yake ja (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), a mota kuwa amfiya 10. Siririyar waya zafi za ta yi. Na yi amfani da waya mai kauri mai silli-silli, don mai sanda ɗaya irin ta gida girgiza tana karya ta. Fis ɗin farko yana daf da batir, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe na sa mata zoben roba kada kaifi ya yanke ta. Batirin da ke ba ɗakin wuta daban yake da na tayar da mota. Na fara da na dalma mai amfiya-awa 100, wato ma'aunin cajin da yake ɗauka, mai kusan kilo 30, wanda rabin cajinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe. Daga baya na koma na litiyam, bai kai rabin nauyin wancan ba kuma yana ba da kusan duk abin da ke cikinsa. Shi da faifan sola mai wat 200 suna riƙe mana ƙaramin firji, fanka da fitilu.

Gadon farko mai naɗewa ne ya koma tebur, na kuwa yi alfahari da shi. Kwana uku muka yi muna naɗewa muna warewa, daga nan muka bar shi a shimfiɗe. Don haka kafin gini na biyu muka fitar da komai, muka jefa katifa a daɓe, muka jera kwalaye a inda nake tunanin kabad zai zauna, muka yi tafiyar kwana 5 a haka. A nan aka tsara motar da gaske. Na zauna a kan kwali matata ta auna daga mazauni zuwa saman kaina, aka ƙara kaurin katifa, da haka muka san tsawon da gado zai yi har mutum ya zauna ba tare da ya sunkuya ba. Ita ce ta riƙa lura da abubuwan da babu su a zanena: ina za a ajiye takalma masu laka, ina za a rataye jiƙaƙƙen tawul, ina shara za ta zauna, me hannu zai iya kaiwa cikin duhu ba tare da an tashi ɗayan ba.

Akwai wani fili bayan kujerar direba da na so in cika da kanta mai hawa uku, har na yanka katakon. Ta ce, "Maigida, don Allah bar mini nan haka." Yanzu nan ne wurin canza kaya, nan ake tsayawa a miƙe ƙafa in ana ruwan sama, nan kwandon takalma yake. Katakon kantar yana nan jingine a gida, ban kafa shi ba.