Ma'aunin zafi da rumfarsa

Tun da na kafa ƴar na'urar auna yanayi a bayan gida, rumfar da ke kare ma'aunin zafin ce ta fi ɗaukar hankalina. Idan rana ta bugi ma'aunin kai tsaye, zafin jikinsa zai nuna maka, ba na iskar gari ba.

Na gwada iri biyu gefe da gefe. Ta farko fararen faranti ne na roba da aka jera bisa juna, da ƴar tazara don iska ta ratsa. Muddin ana iska, ba ta da laifi. Amma da tsakar rana a watan Afrilu, in iska ta tsaya cak, sai cikinta ya ɗumama, lambar ta haura. Ta biyu tana da ƙaramar fanka da ke jawo iska dare da rana. Ita na fi amincewa da ita, duk da tana cin wuta, kuma ƙurar hunturu tana damun ta.

Akwai kuma wata irin rumfar, wato akwatin katako na Stevenson, wanda aka ƙirƙiro a Sikotlan a 1864, kuma har yau ana amfani da shi a tashoshin auna yanayi na hukuma. Kowace ka zaɓa, ɗaga ta mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, nesa da rufin kwano da daɓen siminti.