Zuwa ga Damagarawa: Kafin Ku Kwance Firiz ɗin da Ya Mutu

Assalamu alaikum ƴan'uwana na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam. Ina gaishe ku daga Liyon ta ƙasar Faransa, inda nake aikin gyaran wutar gidaje. Ya zafin bazara, ya iyali?

Saƙon da ya fi zo mini daga gida shi ne: firiz ɗin bangon ɗakina, wato soket ɗin da ake soka kayan wuta, ya daina kawo wuta, yaya zan yi? Ina jin daɗin tambayar, don magidancin da ya iya ƙaramin gyara da hannunsa, kuɗin mai gyara ya shiga cefane. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lokacin da muke zaɓa. Da an ɗauke wuta sai mutum ya ce dama ta samu, ya jawo turnabis, wato sukudireba. Tun da Najeriya ta yanke layin wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023 muka ƙara sabawa da duhu, har wasu suka ɗauka babu haɗari muddin unguwa ba wuta. To, wuta ba ta sallama in za ta dawo, kuma volt 220 ya isa ya kashe ƙato. Don Allah, ko garin duka na cikin duhu, a fara sauke disjonkter, wato babban makunnin da ke yanke wutar gidan. In gidan na da gurup, wato janareta, ko sola, a cire su su ma, a kuma gaya wa mutanen gida kada wani ya tayar.

Sau da yawa ma abin bai kai ga kwancewa ba. Soka fitilar da ka tabbata tana aiki, ka leƙa sauran ɗakuna, ka tambayi maƙwabci. Duba disjonkter, ka danna shi ƙasa sosai sannan ka mayar sama. In ya sake faɗuwa, cire duk kayan da ke soke, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai tona kansa. Yawanci dutsen guga ne ko abin dafa ruwa. Firiz mai amfa 16 iyakarsa wajen wat 3,500, mu kuwa sai mu tara firigo da guga da fanka a kan ralonji guda, wato wayar ƙari mai ramuka da yawa, mai siririyar waya.

Ga wurin da nake so ku tsaya da kyau. Waya biyu ke sa firiz aiki, mai kawo wuta da mai mayar da ita. In mai mayarwar ta kuɓuce, komai ka soka ba zai tashi ba, alhali wutar na nan zaune a ɗayan ramin. Shi ya sa za ka ga turnabis mai ɗan ƙwai ya kama, amma caja ta ƙi. Wannan firiz ɗin ne ya fi cin mutane, saboda kowa ya ɗauka matacce ne. Bayan ka sauke disjonkter, gwada ramukan duka, kuma ka fara gwada turnabis ɗin a wurin da ka san akwai wuta tun kafin ka kashe, don ka tabbata shi kansa lafiyarsa lau.

A mafi yawan gidaje waya daga wannan firiz take wucewa zuwa wancan. In uku sun mutu a jere, nemi laifin a na farkon matattun ko a na ƙarshen masu aiki. Zafinmu da ke haura digiri 40, ga nauyin kaya, sukan sa kusoshin da ke riƙe waya su saki a hankali. Ƙurar hunturu ta shiga, danshin damina ya kawo tsatsa, ɓeraye kuma su yi nasu aikin a saman silin. In bakin wayar ya yi baƙi, yanke shi, fere sabo, ka ɗaure tam. In robar ta narke, sauya firiz ɗin gaba ɗaya, akwai su a kasuwar Dole. Wayar firiz mai kaurin 2.5 mm² ce, mai 1.5 mm² ta fitilu ce. A ƙa'ida shuɗiya ita ce mai mayarwa, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, wato wayar tsaro, amma kada ka dogara da launi, don wasu da abin da ya rage a hannunsu suka haɗa gidan. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance komai.

In kuwa ka ji ƙaurin roba daga cikin bango, ko ka ga fitilar wani ɗaki ta yi haske fiye da kima ta wani kuma ta dushe, kashe komai nan take. A gida mai layi uku wannan alama ce babbar wayar mayarwa ta yanke, wutar na iya kusantar volt 380 ta ƙone firigo da talabijin. Wannan aikin gwani ne. Konter, wato mitar wuta, da hatiminsa kuwa na NIGELEC ne, kamfanin wutar Nijar, su za a kira.

Ina roƙon duk mai hali ya sa a ɗaura masa disjonkter mai kare rai, na miliamfa 30, wanda a nan Faransa dole ne a kowane sabon gida. Yana yanke wuta da zarar ta bi jikin mutum. Gidan da yara ke rarrafe, ko ake wanki kusa da firiz a tsakar gida, shi ya fi buƙatarsa.

A gaishe mini da iyaye da malamai. Allah Ya tsare mu, Ya kawo damina mai albarka.

Ɗan'uwanku,
daga Liyon